Sawun Zabuwa a Bakin Wasaki

Ɗiyata ce ke riƙe da bik da kaye, wato biro da littafin rubutu, ni nake faɗa. Malamar lakwal ce, makarantar boko, a wani ƙauye wajen Mai Yara, ta zo hutu, na ce ta zauna ta rubuta mini wannan tun ina da sauran numfashi. Ni ban san baƙi ko ɗaya ba. Na yi mata sharaɗi kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta jira in gama, kuma kada ta sa sunan kowa. Mutanen Dakoro sun san waɗanda nake nufi, wanda bai sani ba kuwa sunan ba zai ƙara masa komai ba.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, baduku ne, amma ba na takalma da gidan laya ba. Wasaki yake ɗinkawa, babban gugan nan na fatar sa da makiyaya ke jan ruwa da shi a rijiyoyin arewa, waɗanda in ka leƙa ba ka ganin ruwan sai wani ɗan haske can ƙasa kamar ƙwayar ido. Shekara arba'in da wani abu na yi a gidansa, kuma duk tsawon nan warin jima bai bar tsakar gidanmu ba. Ni ke daka gabaruwa, ni ke tace toka, ni ke juya fatu cikin tukunya in ya tafi kasuwa. Matan unguwa sukan toshe hanci da bakin zane in sun shigo barka. Yau da warin ya tafi, ni ce nake shiga zaure ina shinshinar bango ko zan ji saura.

Ba ya ɗinka wasaki ya ajiye yana jiran mai saye. Mutum zai zo, Bafillace ko Buzu, ya ɗaure jaki ko ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gida, a shimfiɗa masa tabarma, in dama fura in aika. Sai an gama gaisuwa da tambayar dabbobi da labarin inda ciyawa ta yi saura, sannan maigidana ya yi tambayoyinsa uku da ba su taɓa canzawa ba: rijiyar gaba nawa ce, me ke jan igiya, wa ke tsayawa a baki yana karɓa. Wasakin da raƙumi zai ja, in ka ɗaura wa sa sai ya durƙusa, in ka ɗaura wa jaki ruwan ne zai ja jakin. Rijiya mai zurfi tana son fata mai kauri, don wasakin zai yi ta bugun bango kafin ya fito. In kuma tsoho ne ko mace ke karɓa a baki, dole a rage girma, don wanda ya cika ba kowa ke iya juya shi zuwa kwamin da dabbobi ke sha ba. Wani baƙon yakan ji haushi, ya ce shi guga ya zo saye ba shari'a ba. Maigidana sai ya ce to ga kasuwa can, akwai na roba.

Gindin wasaki daga gadon bayan sa yake yankansa, ba ya taɓa sa fatar ciki, don ta ciki ba ta da kauri, tana miƙewa. Yana ɗinki fatar tana jiƙe, da zaren da ya tsaga daga jikin fatar, don in ta bushe ɗinkin ya ciji kansa. Ya shafe shi da man shanu har ya ƙoshi. Sannan a cika shi da ruwa a rataye a reshen aduwar da ke tsakar gida, daga wannan safiya zuwa waccan. Aikina ne in share yashin da ke ƙarƙashi in lallaɓe shi sumul. In gari ya waye aka ga gurbin ɗigo ko ɗaya a yashin nan, zai warware ɗinkin ya sake, ko da mai shi yana zaune a zaure yana huci. Na sha yi masa faɗa a kan wannan, musamman shekarun da hatsi ya yi tsada. Sai dai ya miƙo mini zaren ya ce in riƙe masa nan.

In yashi ya kwana babu ɗigo, sannan yake ɗauko ƙarfen shaida. Ɗan ƙarfe ne bai fi tsawon tafin hannu ba, ya gaje shi daga mahaifinsa, bakinsa an ƙera shi kamar sawun zabuwa, yatsu uku. Ya ɗora a bakin wasaki ya buga sau ɗaya. Makiyaya ba su karatu, amma daga nan har inda rijiyoyi suka ƙare, in aka miƙa wa mutum wasaki sai ya juya bakin yana neman sawun. Ma'anarsa a wurinsu, abin nan ya kwana da ruwa bai zubar ba, kuma duk ranar da ya samu matsala a dawo da shi gidanmu a gyara.

Damina uku ke nan da ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai yi wata ba ya tafi. Maza biyu muka haifa, ƙyanda ta ɗauke su tun suna ƙanana, sai ƴan mata suka rayu, don haka babu wanda ya gaji basillarsa. Ya bar wasaki ɗaya da ya gama ɗinkawa bai kai ga ratayawa a aduwa ba, na wani Buzu mai raƙumi da bai sake dawowa ba. Aka bar shi a maratayi cikin zaure, babu shaida a jikinsa. Duk kwanakin takabata, in na ji ƙirjina ya cika, can nake zuwa in dafa shi in yi kukana.

Ina fita takaba ɗan ƙanen maigidana ya zo. Wannan yaro, da yake saurayi an taɓa kawo shi koyon aiki, ya yi wata biyu ya gudu, ya ce wari na sa shi amai. Ya yi lakwal a Maraɗi, ya dawo da tabarau da moto da wata takarda da aka ba shi bayan formasiyo, wato horo, na kwana uku a kan yadda ake kasuwanci. Ya buɗe butik, shago ke nan, kusa da tasha, ya ɗauki maɗinka biyu da keke, suna yin jaka da takalma da ɗan abin rataya makulli. Ya zo mini da sukari da ganyen shayi, ya durƙusa har ƙasa, ya ce Inna, sunan Baba bai kamata ya mutu ba. Ya ce zai ci gaba da wasaki, zai kai shi har Yamai, abin da kawai yake so shi ne ƙarfen nan, don shi ne abin da a formasiyo suke kira marka. Ya yi hawaye ma, na ga hawayen da idona.

Rubuta wannan da kyau, ɗiyata: ba ƙwace ya yi ba. Ni na shiga ɗaka na kwance ƙullin na miƙa masa da hannuna. Wata huɗu da kwana goma ban ji wanda ya ambaci aikin maigidana ba sai shi, kuma daɗin jin hakan ya rufe mini ido. Ban tambaye shi inda zai jeme fata ba, ban tambaye shi ko yana da itacen da zai rataya ba.

Bayan wasu watanni wani foroje, irin na ƙungiyoyin tallafi, ya shirya taro a gidan matasa, wai masu sana'ar garin da suka yi nasara za su gaya wa matasa darussan rayuwa. Aka aiko moto aka ɗauke ni, aka zaunar da ni a gaba kan kujerar roba, aka ba ni lemun kwalba mai sanyi da ya riƙe mini haƙora. Na zauna na saurara tun hantsi har azahar ta gota, kuma tun da aka haife ni ban taɓa jin magana mai yawa da babu komai cikinta kamar ta ranar ba.

Wani tela ya fara. Ya ce kada a ƙara kiransa tela, ya faɗi wani suna da Faransanci mai tsawo. Darasinsa shi ne mutum ya yarda da kansa. Ni kuwa na san rigar da ya ɗinka wa maƙwabcinmu ta Salla, hannu ɗaya ya rufe yatsu, ɗayan ya tsaya a gwiwar hannu, kuma da aka mayar masa cewa ya yi kafaɗar mutumin ce ba daidai ba. Lalle ya yarda da kansa. Sai wani mawaƙi, wanda waƙarsa tana cikin tarho kawai, ban taɓa ganin ya tsaya a gidan suna ya riƙe mata ko na tafasar shayi ɗaya ba. Shi kuma ya ce a yi babban mafarki. Ya maimaita har sau biyar, yana ɗaga yatsa, ƴan mata na ɗaukarsa hoto. Sai wata mai cuku. Cukun nan a hannun Fulani take saye a kasuwa kamar kowa, ta sa a leda, ta manna takarda mai hoton saniya. Ta ce sirrinta tashi da asuba. Matan da suka tatso nonon, suka shanya shi a tabarma, suka yi tafiyar yini suka kawo, ban san ko da la'asar suke tashi ba, ba a dai gayyace su su faɗa ba.

Mutum ɗaya ce ta faɗi abin da ya shiga kunnena, wata mai sabulu, ba yarinya ba. Aka miƙa mata abin magana, ta riƙe shi nesa da baki kamar zai cije ta. Hannuwanta duk soda ta ƙone su. Ta ce ita ta ɓata tukunya da yawa kafin sabulunta ya daina cin fatar mutane, kuma har yau kowane tuƙi sai ta fara wanke fuskarta da shi kafin ta kai kasuwa. Ta ce ba ta da wani abin faɗa, ta koma ta zauna. Tafin da aka yi mata bai kai na mutum biyar ba.

Daga ƙarshe ɗan ƙanen maigidana ya miƙe, cikin shadda mai ƙyalli. Ya ciro ƙarfen daga aljihu ya ɗaga sama. Ya ce wannan gadon kakanni ne, shi kuma ya zo ya haɗa shi da zamani. Ya ce darasi na farko, lokaci: Baba yakan yi wata a kan wasaki ɗaya, shi kuwa a mako yana fitar da tuli. Na biyu, a yi kaya girma ɗaya, kada a ɓata rana ana auna kowa. Na uku, kada ka zauna jiran kiliyan, wato mai saye, ya gaya maka abin da yake so, kai za ka nuna masa, shi bai sani ba. Ya ce ba fata mutane ke saye ba, marka suke saye. Sannan ya nuna ni, ya ce ga uwarsa nan da ta sa masa albarka. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ni kuma na yi murmushi. Kada ki tsallake wannan, ki rubuta na yi murmushi. Na ji duk abin da ya faɗa, na san kowace kalma kishiyar aikin maigidana ce, amma an tafa mini, na yi murmushi, na koma gida da ragowar lemuna.

Bazara ta shigo, irin wadda kaji ke buɗe baki a inuwa. Wata ranar kasuwa da hantsi na ji sallama a ƙofa ana tambayar mai gida. Na gane muryar. Wani tsohon Bafillace ne daga arewa da Roumbou, wanda tun ina da goyon ɗiyata ta fari yake zuwa gidanmu. Shi da maigidana kullum cikin tsiya suke, yana ce masa mai wari, shi kuma yana ce masa mai gudun gari. Shekara uku yana kudu da shanu, bai daɗe da dawowa ba, labari bai kai masa ba. Na fito zaure na gaya masa. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya ja rawani ya rufe fuska, ya daɗe. Da ya gama addu'a sai na ga yana tura wani buhu bayansa da ƙafa, a hankali, wai kada in lura.

Na tambaye shi me ke ciki, ya ce ba komai, tarkacen tafiya ne. Na ce tarkacen tafiya ba ya warin fata. Na miƙa hannu na jawo buhun.

Wasaki ne, ja wur, an shafe shi da wani abu mai sheƙi. Gindin ya ɓalle gaba ɗaya, yana lilo da ɗan zare. Na sa yatsa na taɓa. Fatar ciki ce, wadda ba ta ƙoshi da jima ba, tsakiyarta fari fat. An manna ta da kol, gam ɗin masu takalma, an bi da keke da zaren roba, ramukan allura a jere kusa da juna har sun yanka fatar kamar wuƙa. A bakin kuwa ga sawun zabuwa nan, an buga shi da ƙarfi, har sau biyu, ɗaya kusa da ɗaya.

Da ƙyar ya ba ni labarin. Ɗansa ne ya shigo kasuwa ya gani a butik, ya juya baki ya ga sawun, bai ƙara tambaya ba ya saya. Rijiyarsu a bazara layi ake yi, kowane garke da lokacinsa, wanda ya rasa nasa sai ya zagayo. Tun ranar farko suka ga abin ya fi ƙarfin san da ke ja, yana tafiya yana durƙusawa. Rana ta uku, wasakin ya kai rabin rijiya, gindin ya buɗe. Suka ari gugan roba ƙarami, kafin rabin shanu su sha lokacinsu ya ƙare. Wata saniya mai tsohon ciki ta kwanta ba ta tashi ba, sai wuƙa aka sa mata. A bakin rijiyar mutane suka yi ta juya wasakin hannu zuwa hannu, wasu na cewa tsohon nan na Dakoro ya koyi haɗama da tsufa, wasu na cewa dama can haka ƴan gari suke.

Ya ce, "Ni ba ƙara na kawo ba, uwar gida. Na ce musu mai warin nan ba ya cin amana, sai dai in idonsa ne ya tafi. Na zo in gani. Ga man shanu ma na taho masa da shi."

Ya ciro ɗan gora daga rigarsa ya ajiye a gabana. Ranar da aka fita da gawar maigidana ban yi kukan da na yi a kan goran nan ba. Mutum yana kabari shekara biyu, ana zaginsa a bakin rijiya a kan ɗinkin da bai taɓa gani ba, kuma ni na ba da abin da aka buga masa zagin.

Na ce wa baƙon ya zauna ya jira ni. Na ɗora yagaggen wasakin a ka, babu buhu, na ɗauki sandata, na ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ta wajen masu awaki, ta wajen masu gishiri da kanwa. Wanda ya tambaye ni ina zuwa na ce butik ɗin ɗanmu, ya biyo ya gani. Na tarar da shi a kujera mai juyawa yana magana a tarho. A bango ga irin wasakin nan an jera, ja, ja, ja, duk girma ɗaya kamar an haife su rana ɗaya. Na sauke nawa a kan teburinsa.

Ya kashe tarhon ya fara Inna sannu, Inna da kin aiko. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce ai makiyayan nan ba su iya riƙon kaya ba, wataƙila sun bar shi a rana, kuma ko a Turai kaya na lalacewa. Ya ce kasuwa ta canza, ni ba zan gane ba.

Na ce, "Rijiyar mutumin nan gaba nawa ce?"

Ya ce shi ina zai sani.

"Me ke ja masa igiya?"

Ya juya tarhon a hannu.

"Wa ke karɓa a baki? A wane itace ka rataya wannan ya kwana? Ba ni ƙarfen uban wasu, ɗana. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne, kuskure na yi."

Ya ce ai ya riga ya yi takarda a mairi, ofishin magajin gari, an zana sawun a allon butik, ba a komawa baya. Na ce ya riƙe takardar da allon, su nasa ne, ƙarfen nake so. Ya ce in je gida zai kawo da yamma. Na ce ƙafata ta gaji, nan zan jira yamman. Na zauna a bakin ƙofa, na jawo wasakin na shimfiɗa a gabana, gindin yana kallon hanya. Mutane suka fara tsayawa. Wasu Fulani biyu suka durƙusa suna juya shi suna magana da harshensu. Ba a yi tafasar shayi biyu ba ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini, ko kallona bai yi ba. Mutumin da ya koya wa matasan gari darajar lokaci, ranar dai ya nuna ya san ta.

Da na dawo gida na sauko da wasakin da ke maratayi. Na zauna inda maigidana ke zama, na tambayi Bafillacen tambayoyin nan uku. Ya ce gaba arba'in ba kaɗan, sa ke ja, ɗansa ke karɓa, ƙato ne. Kaurin ya yi, amma girman na raƙumi ne. Dole a kwance baki a rage kamar yatsa huɗu a sake ɗinkawa. Na sha yin ɗinkin baki in bayan maigidana ya riƙe, amma ban taɓa sa wuƙa a aikinsa ba. Baƙon ya ce in bari, ya ga abin da wasakin nan yake a wurina, zai nemi na roba. Na ce masa mai shi bai ɗinka shi don a rataye a yi masa kuka ba.

Fatar ta bushe ƙamas da zaman shekara biyu. Na jiƙa ta, na shafe ta da man shanun nan da aka kawo wa mai ita, ta shanye goran duka. Kwana huɗu na yi a kan ɗinkin da maigidana yini ɗaya zai yi, yatsuna sun kumbura, idona na ruwa. Bafillacen yana zaure yana tsaga mini zare, yana cewa ashe warin ma gado ne. Rana ta biyar da safe muka cika shi muka rataya a aduwa, na share yashin na lallaɓe shi kamar da. Washegari bayan sallar asuba na fito, na tsaya nesa na kasa ƙarasawa, sai baƙon ya je ya duba. Ya ce in zo. Babu komai a yashin sai sawun tururuwa.

Na ɗora ƙarfen na buga sau ɗaya. Hannuna ba shi da ƙarfi, sawun bai shiga sosai ba, amma ana gani.

Da zai tafi na roƙe shi abu ɗaya. Jajayen wasakan nan da suka riga suka fita ba ni da ƙafar da zan bi su in karɓo. Na ce, "Duk rijiyar da ka tsaya, ka faɗa musu mai sawun zabuwa ya mutu, damina biyu ke nan. Wannan na hannunka shi ne na ƙarshe. Duk wanda suka gani sabo da sawun nan, ba nasa ba ne." Shekara biyu bakina bai iya furta kalmar nan ba, kullum cewa nake ya tafi, ko ba ya nan. Ranar na faɗe ta, na kuma aika da ita daji.

Ƙarfen kuwa, ranar kasuwa ta gaba na kai wa maƙeri na ce ya buge bakin ya mayar mini da shi basilla. Ya juya shi a hannu ya ce ko na tabbata, don ya san ko na wane ne. Na ce ya sa a wuta. Da ita nake ɗinke ƙwarya yanzu in ta tsage.

Saƙon ya kai. Na ji an ce jajayen wasakan sun yi ta zama a bango har ƙura ta rufe su, ɗan ƙanen maigidana ya sauke su ya koma ɗinka jakunkunan ma'aikata. Sawun yana nan a allonsa, har ya sa an yi masa na roba da ake dangwalawa a tawada, wannan ba ni da iko da shi, kuma saniya ba ta shan ruwa da jakar ma'aikaci. Abin da ya fi ba ni dariya, in dariya ce, ɗiyata ta ce ta ji shi kwanan baya a rediyo, an sake tara masu nasarar nan. Darussansa sun canza. Yanzu cewa yake sirrin kasuwanci shi ne ka yi wa kiliyan tambaya uku kafin ka sayar masa, wai haka ya koya a gaban Babansa tun yana yaro. An tafa masa, ta ce, sosai.

Ɗiyata ta tambaye ni ni mene ne darasina, tunda kowa na da nasa, a sa a ƙarshen takarda. Ba ni da shi. Ni ba mai nasara ba ce, ba a ba ni takarda ba, kuma abu ɗaya da aka bar mini amana na bayar saboda sukari da ganyen shayi da hawayen yaro. Abin da na sani, wani wasaki yana can arewa da Roumbou yana shiga rijiya yana fitowa, kuma da ya ɓalle da tuni an dawo mini da shi, don tsohon nan ya san hanya. Maratayin zaure babu komai yanzu. Har yau in ƙirjina ya cika ƙafata can take kai ni, in miƙa hannu in dafa, sai in taɓa bango. Ajiye bik ɗin haka nan, ki ba ni ruwa.